Leon Foucault, Mutumin Da Ya Sa Aka Ga Juyawar Duniya Da Ido

Mai karatu, sau da yawa nakan ji ana tambaya cewa idan da gaske duniya tana juyawa, me ya hana jirgi mai saukar ungulu ya tsaya cik a sama har Makka ta iso ƙarƙashinsa? Amsar ita ce jirgin da iskar da ke ɗauke da shi suna tafiya tare da ƙasa, a Kano da gudun kusan kilomita 1,600 a awa. To, ta yaya za a gane juyawar? Wannan ne ya sa na ga dacewar waiwayar rayuwar Leon Foucault.

An haife shi a birnin Paris na Faransa a 1819. Ya fara karatun likita, amma ya bari saboda ba ya jure ganin jini, ya koma binciken kimiyya. A 1851 ya rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a ginin Pantheon, ya sake shi yana lilo. Tunda babu abin da ke karkatar da lilon, sai daɓen ginin ya riƙa juyawa a ƙarƙashinsa, jama'a suka ga layin lilon yana gocewa kimanin digiri 11 kowace awa. Da a Kano ne, gocewar ba za ta wuce digiri 3 da ɗoriya ba, domin muna kusa da tsakiyar duniya.

A 1852 ya raɗa wa wata na'urarsa suna jairoskof, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin kewayawa da dubawa. Da ire-irenta jirage da taurarin ɗan'adam suke gane inda suka fuskanta. A 1862 ya auna gudun haske, ya samu kilomita 298,000 a daƙiƙa, kusa ƙwarai da adadin da aka tabbatar. Duk da haka Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ba ta karɓe shi ba sai 1865. Ya rasu a 1868 yana da shekara 48.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne yadda ya fitar da hujja daga littattafan masana ya kafa ta inda mai sana'a da ɗan makaranta za su gani. Muddin malaman jami'o'inmu ba su bayyana irin wannan ilimi da Hausa ba, masu musun juyawar duniya ne za su ci gaba da cin kasuwarsu.