John Wesley: Bawa a Gidan Ubansa

Karatu: Galatiyawa 4:1-7, Ishaya 29:13, 2 Timoti 3:5

Da a ce John Wesley na shekarar 1735 ɗan ikkilisiyarmu ne, da babu kwamitin da za a kafa ba a sa sunansa ba. Shi ne irin ɗan'uwan da zai taso daga Kawo ko Malali ya riga mai gadi isowa addu'ar asuba, ya kuma zama na ƙarshen fita daga addu'ar kwana. Amma daga baya shi da kansa ya shaida cewa a waɗannan shekaru zuciyarsa ba ta da hutu a gaban Allah.

An haife shi a 1703 a garin Epworth na ƙasar Ingila. Mahaifinsa, Samuel, limamin Anglikan ne, mahaifiyarsa Susanna kuwa ita ta koya wa 'ya'yanta karatu da addu'a a gida. Yana da shekara 5 gobara ta cinye gidansu, aka ciro shi ta tagar bene ana dab da rufin ya faɗo. Ya yi karatu a jami'ar Oksfod, aka naɗa shi dikon a 1725, limami a 1728.

A Oksfod ɗin ne ya shugabanci wata 'yar ƙungiya da ƙanensa Charles ya fara. Suna azumi kowace Laraba da Jumma'a har ƙarfe 3 na rana, suna cin Jibin Ubangiji kowane mako, suna ziyartar fursunoni da marasa lafiya. John ya bar gashinsa ya yi tsawo domin kuɗin aski ya je hannun matalauta. Yana da ɗan littafi inda yake rubuta abin da ya yi a kowace sa'a, har ma yana ba kansa maki a kan zafin ibadarsa. Ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a saboda yawan tsari, daga ba'ar nan sunan Metodis ya fito.

A lura, ba munafuki ba ne. Ba don idon mutane yake yi ba, kuma babu ɗaya cikin ayyukan nan da yake mugu. Abin da ya sa labarinsa yake da nauyi ke nan. Da mai riya ne, da mun karanta mun wuce muna cewa ba da mu ake ba.

A Oktoba 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya a Amurka, da niyyar yi wa mutanen ƙasar na asali wa'azi. A Janairu 1736 hadari ya taso musu a tsakiyar teku, babban filafilan jirgin ya yage, ruwa ya kwararo ciki. Turawan Ingila suka ɓarke da ihu. A gefe guda kuwa akwai wasu masu bi daga Jamus, 'yan Morabiya, waɗanda hadarin ya same su suna waƙar sujada, suka ci gaba da waƙarsu, maza da mata da yara. Su ne kuma mutanen da suke yi wa sauran fasinjoji ayyukan ƙasƙanci a jirgin ba tare da karɓar lada ba. Limamin jirgin, mai azumi sau biyu a mako, ya tarar yana tsoron mutuwa. Da suka sauka, wani shugabansu mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya san Yesu ya cece shi, shi kansa. Wesley ya amsa da baki, amma ya rubuta a littafinsa cewa yana tsoron amsar ba ta kai zuci ba.

Hidimarsa a Jojiya ba ta yi kyau ba. Ya tsananta wa jama'a da dokoki. Wata budurwa da yake so ta auri wani, daga baya ya hana ta Jibin Ubangiji, maganar ta kai kotu. A Disamba 1737 ya bar garin da dare. A hanyar komawa gida ya yi ta tambayar kansa wa zai juyo da shi, shi da ya tafi juyo da waɗansu. Har ya so ya daina wa'azi, sai wani ɗan Morabiya, Peter Böhler, ya ba shi shawara ya ci gaba da wa'azin bangaskiya har ya same ta.

Ran 24 ga Mayu 1738 da yamma ya tafi wani ƙaramin taro a titin Aldersgate, ba da son ransa ba. Babu babban mai wa'azi a wurin. Wani ne kawai yake karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta a kan Wasiƙar Romawa. Wajen ƙarfe 9 saura kwata ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya gane ya dogara ga Almasihu shi kaɗai domin ceto, an kuma ba shi tabbacin cewa zunubansa, nasa na kansa, an ɗauke su. Abu na farko da ya yi shi ne addu'a domin waɗanda suka ƙuntata masa.

Masu ba da labarin nan sukan tsaya a nan, kamar daga wannan dare komai ya zama zuma. Ba haka ba ne. A daren ma ya sha gwaji, kuma watanni bayan haka yana kokawa da shakka. A daren shiga shekarar 1739 yana tare da 'yan'uwa kusan 60 a Fetter Lane suna addu'a, wajen ƙarfe 3 na asuba ikon Allah ya sauko, waɗansu suka yi kuka don murna, waɗansu suka faɗi ƙasa. Ran 2 ga Afrilu na shekarar, mutumin da a dā yake ganin ceton rai a wajen ginin majami'a kusan zunubi ne, ya tsaya a fili a Bristol ya yi wa mutum wajen 3,000 wa'azi.

Ga abin da na fi so mu duba. Bayan Aldersgate bai bar azumi ba, bai bar tashin ƙarfe 4 na asuba ba, bai bar zuwa kurkuku ba. Wanda ya duba jadawalinsa na 1735 da na 1745 zai ga aikin ƙaruwa ma ya yi. Dalilin aikin ne ya sāke. Da ya tsufa ya koma kan abin da ya rubuta game da shekarunsa na farko, ya gyara hukuncinsa: yana da bangaskiya a lokacin, amma irin ta bawa ce, ba ta ɗa ba. Bawa da ɗa suna iya share tsakar gida ɗaya da tsintsiya ɗaya. Bawa yana shara yana ƙirga ko ya yi abin da zai hana a kore shi. Ɗa ya san gidan na ubansa ne. A 1741 ya tsaya a gaban malaman Oksfod ya yi wa'azi daga Ayyukan Manzanni 26:28 a kan mutumin da saura kaɗan ya zama Kirista, mai gaskiya, mai zuwa sujada, mai ba da sadaka, amma ƙaunar Allah ba ta cika zuciyarsa ba. Ya gaya musu a fili cewa shi ma ya yi shekaru masu yawa a haka.

Ya yi fiye da shekara 50 yana yawon wa'azi, yawanci a kan doki. Daga cikin almajiransa ne Thomas Birch Freeman ya iso Badagry a 1842, kuma koyarwarsa ta tsarkakewa ita ce ta reni ikkilisiyoyin da William Seymour ya bi ta cikinsu kafin falkaswar titin Azusa a 1906. Saboda haka gargaɗin da ya yi wa mutanensa a 1786 ya shafe mu kai tsaye. Ba ɓacewar Metodis yake tsoro ba. Tsoronsa shi ne su wanzu, su yi yawa, su yi arziki, su zama matacciyar ɗarika mai siffar ibada babu ikonta. Mu ma namu tsarin yana iya zama siffa: tafi, rawa, ɗaga hannu, kwana 21 na azumin farkon shekara, duk mutum yana iya iya su kamar yadda Wesley ya iya nasa.

Wasiƙarsa ta ƙarshe ga William Wilberforce ya rubuta ta, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. Ya rasu a Landan ran 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87. Ya bar wasiyya kada a yi masa jana'izar alfarma, a nemo matalauta 6 su ɗauki gawarsa, a ba kowannensu fam ɗaya.