Caspar David Friedrich, Gwanin Zanen Itatuwan Hunturu

Duk malamin da ya taɓa sa yara su zana itace ya san abin da sukan kawo masa: sanda a tsaye, da dunƙulen kore a bisanta. Ganye shi ke rufa wa mai zane asiri. Amma idan itace ya kaɗe, kamar yadda kuka takan yi da rani, to, ba sauran wurin ɓuya, kowane reshe sai an nuna inda ya fito da inda ya dosa. A wannan fage ne mutumin da za mu ba da labarinsa yau ya yi suna.

An haifi Caspar David Friedrich ran 5 ga Satumba, 1774, a Greifswald, wani gari na bakin teku a arewacin Jamus, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Suwidin. Sana'ar ubansa dafa sabulu ce da yin kyandir. Uwarsa ta rasu cikin 1781, sa'an nan cikin 1787 ƙanƙara ta burma da ƙanensa, ya nutse a ruwa a kan idonsa. Marubuta da yawa sukan jingina duhun zanensa ga wannan rashi. Mu dai a ganinmu an cika yawaita wannan magana, har takan sa a manta da irin wahalar da ya sha wajen koyon aiki.

Ya yi karatun zane a Kofanhegan daga 1794 zuwa 1798, daga nan ya koma Dresden, inda ya zauna har ƙarshen ransa. Da fari da fensir yake aiki, da wata tawada mai ruwan ƙasa da ake kira sefiya, bai kama fentin mai sosai ba sai wajen 1807.

Ga yadda yake aikinsa. Yakan fita ƙauye da ƙafa, da littafi da fensir, ya zauna gaban itace guda, ya bi shi tun daga gindi har ƙananan rassa, da karyayyen reshe da kogo, kome ba ya gyarawa don ya yi kyau. Yakan rubuta kwanan wata a jikin takardar, wani lokaci ya sa alamar inda sama ta haɗu da ƙasa, don ya san tsayin da idonsa yake sa'ad da ya duba. Sai ya ajiye. Babban zanen kuwa a ɗaki yake yinsa, ɗakin da ba kome ciki sai kujera da tebur da abin jingina ƙyallen zane, kamar yadda abokinsa Kersting ya zana shi cikin 1811. A nan yakan ɗauko itacen da ya zana shekarun baya, ya dasa shi kusa da kufan da ya gani a wani wuri dabam. Watau kowane yanki gaskiya ne, amma haɗin nasa ne.

Kafin ya taɓa fenti sai ya fitar da siffar kome a kan ƙyallen da siririn layi, har da rula inda akwai gini. Sa'an nan ya shafa fenti marar kauri, shafi bisa shafi, wani wuri ya ɗiɗɗiga shi da bakin buroshi don hazo ya fito. Yakan sa sama ta yi haske, itacen kuwa ya yi duhu a gabanta, saboda haka ido ba ya kuskure ko reshe guda.

Wanda ya fi nuna wannan gwaninta shi ne zanen kufan gidan ibada a tsakiyar manyan itatuwan ok, wanda ya gama cikin 1810. Ƙasa ta yi duhu, itatuwan sun miƙa rassa tsirara cikin ɗan hasken da ya rage, masu ibada kuma suna wucewa da gawa, ƙanana ƙwarai. Daga kufan Eldena, kusa da garinsu, ya ɗauko siffar ginin. Da aka nuna shi a Barlin a shekarar nan, Sarkin Furusiya ya saye shi. Cikin 1822 ya zana wani itacen ok shi kaɗai a fili, ƙasansa da ganye, ƙwanƙolinsa ya bushe, makiyayi ya jingina da gindinsa, tumaki suna kiwo, ƙauyuka da duwatsu can nesa.

Ya yi aure cikin 1818, suka haifi 'ya'ya uku. Cikin 1824 aka ba shi sunan farfesa a makarantar zane ta Dresden, amma ba a danƙa masa ajin zanen ƙasa da itatuwa ba, ga shi kuwa nan ne ya fi ƙwarewa. Sannu a hankali yayi ya juya, masu saye suka ja baya, sai 'yan abokai da gidan sarautar Rasha suka riƙa taimakonsa. Cikin 1835 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, fentin mai ya kusa gagararsa, ya koma ga tawadar da ya fara da ita. Ya rasu ran 7 ga Mayu, 1840, hannunsa ba kome.

Shekara sittin da 'yan kai sunansa ya yi a kwance, sai da aka yi babban nunin zane a Barlin cikin 1906 mutanen Jamus suka sake waiwayarsa. Zanen kufan da na itacen makiyayi duka biyu suna tsohon gidan zane na ƙasa a Barlin.