Alekzandar Yakoblef, Baturen Rasha da ya zana sarakunanmu

Jama'ar Tawa da Arewacin Adar, da ƴan uwanmu da ke cin rani a Abijan, Libiya ko Faransa, yau shirinmu na tarihi ya faɗa kan wani mutumin Rasha da ya taka ƙasar Nijar shekara ɗari da suka wuce, ya bar mana abin da na'urar hoto ta lokacin ba ta bari ba.

An haifi Alekzandar Yakoblef a 1887 a birnin San Fitasbag. Mahaifinsa hafsan sojan ruwa ne, amma shi zane ya bi. Ya yi karatu a babbar makarantar zane ta masarautar Rasha daga 1905 zuwa 1913. A 1917, shekarar da aka kawar da sarki Nikola na biyu, kuma shekarar da Faransawa suka karya yaƙin Kawsan a Agadas, ya fita zuwa Sin da Japan da niyyar ƙaro ilimi. Kafin ya juyo, ƙasar da ya baro ta kife. Bai sake komawa gida ba. A 1919 ya sauka Paris, baƙo kamar kowane baƙo, sana'ar hannunsa ce kawai jarinsa.

A 1924 kamfanin Citroën ya shirya ayarin motoci 8 don ratsa Afirka, aka ɗauki Yakoblef a matsayin mai zane. Sun tashi daga Kolom-Beshar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, suka keta hamada, suka iso Yamai, daga nan suka yi gabas ta kudancinmu zuwa Tasawa da Damagaram, har suka ƙare a Madagaska a Yunin 1925.

To, mene ne amfanin mai zane alhali akwai masu ɗaukar hoto da sinima a ayarin? Sinimar lokacin baƙi da fari ce. Hoto mai launi kuwa, wanda ƴan uwa Lumiyer suka fara saidawa a 1907, a kan gilashi ake ɗaukarsa. Yana fashewa, kuma sai mutum ya daɗe tsaye bai motsa ba. Shi kuwa Yakoblef takarda da alli mai launi sun ishe shi. Da su ya zana Sarkin Damagaram Barma Mustafa, da shugaban mahayan Sarkin Maraɗi Musa. Shuɗin rawani, jan alkyabba, zanen fuska, duk ya kama su.

Amma kada mu manta, ayarin na tallar mota ne da nuna ƙarfin mulkin mallaka, kuma gwamnonin Faransa ne suka tara musu jama'a. Zanen ma bai zauna nan ba. An baje shi a Paris a 1926, aka buga shi littafi a 1927. Daga baya Yakoblef ya bi ayari na biyu zuwa Sin a 1931, ya koyar a Boston ta Amurka, ya rasu a Paris a watan Mayun 1938, yana da shekara 50.

Abin da ya sa muka ɗauko labarinsa shi ne, fuskokin manyanmu suna can a ajiye a ƙasar wasu, mu kuma nan gara da ɗigar damina na cinye waɗanda muke da su. A gidaje da dama akwai hoton kaka cikin adaka, na katin shaida ko na aikin soja ko na Makka. Mu fiddo su, mu ɗauka da salula, mu tura wa na waje. Mu zauna da tsofaffi su faɗa mana sunan kowa da garinsa, a rubuta a bayan hoton tun suna raye, don ranar da suka tafi babu mai gane fuskar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai rahama kabarinsu.