Frederick Douglass: Yaron Da Aka Hana Karatu

A wannan makon, a filinmu na tarihin shahararrun mutane, na kawo muku labarin wani baƙar fata ɗan ƙasar Amurka mai suna Frederick Douglass. An haife shi bawa, amma ya rasu yana ɗaya daga cikin mutanen da aka fi sani a ƙasarsa. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, lokacin da yake kamar shekarunmu, a ɓoye yake koyon karatu, domin laifi ne a gan shi da littafi. Mu kuwa wasunmu sai an bi mu da bulala kafin mu buɗe namu.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a shekarar 1818 a jihar Maryland. Bai taɓa sanin ainihin ranar haihuwarsa ba, domin ba a gaya wa bawa irin wannan. Da ya girma sai ya zaɓi 14 ga Fabrairu ya riƙa bikinta. Sunansa na yanka Frederick Bailey, mahaifiyarsa kuma baiwa ce mai suna Harriet Bailey. Mahaifinsa farar fata ne, har ana raɗe-raɗin cewa ubangidansa ne. Wannan bai amfane shi da komai ba, saboda a dokar wurin, ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa.

Tun yana jariri aka raba shi da uwarsa, kakarsa ce ta raine shi. Uwar tana aiki a wata gona mai nisan kamar mil 12. Idan kewar ɗanta ta dame ta, sai ta taka da ƙafa cikin dare bayan an tashi aiki, ta kwanta kusa da shi, ta koma kafin gari ya waye don kada a yi mata bulala. Sau huɗu ko biyar kawai ya gan ta. Ta rasu yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka.

Yana da kamar shekara shida aka kai shi wani babban gandu. A can yara bayi riga biyu kawai ake ba su a shekara, babu takalmi. Abincinsu dafaffen garin masara ne da ake zubawa a wani dogon akushi a ajiye a ƙasa, su taru suna wawaso. A can ne ya ga an ɗaure innarsa Hester ana zabga mata bulala har jini yana zuba. Wannan abin bai bar zuciyarsa ba har ya tsufa.

Yadda ya koyi karatu

A shekarar 1826, yana ɗan shekara takwas, aka tura shi birnin Baltimore ya yi aikin gida wajen wani mutum mai suna Hugh Auld. Matar gidan, Sophia, ba ta taɓa riƙe bawa ba, don haka ta ɗauke shi kamar sauran yara, har ta fara koya masa abacada. Da mijin ya gano, sai ya hana ta. Ya nuna mata cewa bawan da ya iya karatu ba zai ƙara yarda da zama bawa ba. Frederick yana jin duk abin da ake faɗa. Daga ranar ya gane abin da iyayengijin bayi suke tsoro, ya kuma ƙudurta cewa sai ya same shi.

Tun da an rufe masa ƙofa a gida, sai ya nemi malamai a kan titi. Idan an aike shi, yakan ɗauki burodi ya ba 'ya'yan talakawan Turawa na unguwa, su kuma su koya masa karatu. Rubutu kuwa a wurin da ake ƙera jiragen ruwa ya faro shi. Ya lura kafintoci suna rubuta harafi a jikin kowane katako don su san inda za a sa shi, sai ya riƙa kwaikwayo da alli a jikin bango da katanga. Idan mutanen gida sun fita, sai ya ɗauko tsofaffin littattafan rubutu na ɗan gidan ya yi ta bin layi. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya tara santi 50 ya sayi wani littafi mai suna The Columbian Orator, wanda ke cike da jawabai a kan 'yanci.

A shekarar 1833 aka mayar da shi ƙauye wajen Thomas Auld, ɗan'uwan Hugh. Thomas ya ga yaron ba ya sunkuyar da kai, sai ya ba da shi haya ga wani manomi mai suna Edward Covey, wanda ya yi suna wajen karya zuciyar bayi masu taurin kai. Wata shida Covey yana dukansa kusan kowane mako. Wata rana a 1834, Frederick yana da shekara 16, ya ƙi tsayawa a doke shi. Suka yi ta kokawa kusan awa biyu, Covey bai iya kayar da shi ba. Daga ranar bai ƙara ɗaga masa bulala ba. Bayan ya bar hannun Covey, ya buɗe makaranta a ɓoye kowace Lahadi, inda bayi fiye da 40 suke zuwa koyon karatu.

Gudu zuwa Arewa

Ya yi shirin gudu a 1836, amma asiri ya tonu aka kulle shi. Daga baya aka mayar da shi Baltimore, ya koyi sana'ar toshe kafofin jirgin ruwa. Duk kuɗin da ya samu a mako, sai ya kawo wa Hugh Auld. A nan ya haɗu da Anna Murray, baƙar fata amma ba baiwa ba, wadda ta taimake shi da kuɗinta.

A wancan lokacin jihohin Arewacin Amurka sun riga sun hana bauta, na Kudu kuwa suna riƙe da ita. Ranar 3 ga Satumba, 1838, Frederick ya sa kayan ma'aikatan jirgin ruwa, ya ari takardar shaida ta wani baƙar fata mai 'yanci, ya hau jirgin ƙasa ya nufi Arewa. Kafin awa 24 ta cika ya isa New York. Anna ta biyo shi suka yi aure, suka koma garin New Bedford a jihar Massachusetts. A can ya ɗauki sunan Douglass don kada masu farautar bayi su gane shi.

A 1841 ya tashi ya yi magana a wani taron masu yaƙi da bauta a Nantucket. Ya burge mutane ƙwarai, har aka ɗauke shi ya riƙa yawo gari-gari yana ba da labarinsa. Wasu suka ce ƙarya ne, mai iya magana haka bai taɓa zama bawa ba. Don ya rufe musu baki, a 1845 ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa, ya sa sunayen iyayengijinsa da wuraren da ya zauna. Wannan ya jefa shi cikin haɗari, domin a doka har yanzu dukiyar wani ne. Sai ya tafi Ailan da Ingila. A can abokansa suka tara fam 150 suka fanshe shi. Ya dawo a 1847 ya kafa jaridarsa mai suna The North Star a garin Rochester. Ku duba fa, wanda aka hana abacada shi ne ya zama editan jarida.

Abin da ya kawo yaƙin basasa

Arzikin Kudu ya dogara ne kan auduga, kuma bayi ne suke noma ta. A shekarar 1860 akwai bayi kusan miliyan huɗu a Amurka. Ƙasar tana ta faɗaɗa zuwa yamma, sai gardama ta taso: sababbin yankunan nan za a yi bauta a cikinsu ko ba za a yi ba? A 1850 aka yi wata doka da ta tilasta wa mutanen Arewa su taimaka a kama bayin da suka gudu. A 1857 kuma kotun ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

A watan Nuwamba na 1860 aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa. Jam'iyyarsa ba ta yarda bauta ta bazu zuwa sababbin yankuna ba. Ranar 20 ga Disamba jihar Carolina ta Kudu ta ɓalle daga ƙasar, wasu suka bi ta, har suka kai jihohi 11, suka naɗa Jefferson Davis shugabansu. Wasu daga cikinsu sun rubuta ƙarara a takardunsu na ɓallewa cewa bauta suke karewa. Ranar 12 ga Afrilu, 1861, sojojin Kudu suka buɗe wuta a kan sansanin Sumter, yaƙi ya ɓarke.

Da farko Lincoln ya nuna cewa haɗin kan ƙasa kawai yake so ya ceto. Douglass bai yi shiru ba. Ya yi ta rubutu yana sukarsa, yana nuna cewa bauta ce tushen yaƙin, kuma ba za a warke ba sai an tumɓuke ta. Ya kuma nemi a ɗauki baƙaƙen fata aikin soja. Ranar 1 ga Janairu, 1863, Lincoln ya sa hannu a kan sanarwar 'yanta bayin da ke yankunan 'yan tawaye. Douglass yana cikin taron jama'a a birnin Boston suna jira, har labari ya iso da dare. Sai dai sanarwar ba ta haɗa da Maryland, jiharsa ta haihuwa ba, domin ita ba ta ɓalle ba. Sai a 1864 ta soke bauta.

Douglass ya shiga yawon neman matasa su shiga soja, kuma da gidansa ya fara. 'Ya'yansa biyu, Lewis da Charles, sun shiga runduna ta 54 ta Massachusetts. Wani abin mamaki, a runduna ta 55 akwai wani soja mai suna Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda aka kama yana yaro aka sayar da shi aka tsallaka Sahara da shi, yawon duniya ya kai shi Amurka. Baƙaƙen fata kusan 180,000 ne suka shiga sojan ƙasa. Amma ana biyansu dala 10 a wata, a cire dala 3 kuɗin kaki, alhali farar fata yana karɓar dala 13. Douglass ya je fadar shugaban ƙasa a watan Agusta na 1863 ya kai wa Lincoln kuka ido da ido. A 1864 majalisa ta daidaita albashin.

Bayan yaƙi

Ranar 9 ga Afrilu, 1865, babban janar na Kudu, Robert Lee, ya miƙa wuya. Mutum fiye da 600,000 ne suka mutu a yaƙin. Bayan kwana biyar aka harbi Lincoln a gidan wasan kwaikwayo, ya cika washegari. An yi wa kundin tsarin mulki gyara uku: na 13 a 1865 ya soke bauta, na 14 a 1868 ya mayar da baƙaƙen fata 'yan ƙasa, na 15 a 1870 ya ba mazansu damar jefa ƙuri'a.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yawancin bayin da aka 'yanta ba su da gona ko kuɗi, sai suka koma noma a gonakin tsofaffin iyayengijinsu ana raba amfani, bashi yana cin su. Wata ƙungiya mai suna Ku Klux Klan ta riƙa kashe baƙaƙen fata da ƙona makarantunsu. Bayan 1877, da gwamnati ta janye hannunta daga Kudu, sai jihohin suka riƙa yin dokokin wariya, suna hana baƙaƙe zaɓe da dabaru iri-iri. Douglass ya ci gaba da yaƙi da wannan da bakinsa da alƙalaminsa. Ya kuma goyi bayan a ba mata 'yancin zaɓe tun daga taron Seneca Falls na 1848.

A 1877 ya ziyarci tsohon ubangidansa Thomas Auld, wanda ya tsufa yana kwance ba lafiya. Sun gaisa, sun yi magana cikin natsuwa, suka rabu lafiya. Douglass ya riƙe muƙaman gwamnati, har ya zama jakadan Amurka a ƙasar Haiti daga 1889 zuwa 1891. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1895, a gidansa da ke Washinton, bayan ya dawo daga wani taron mata. An binne shi a Rochester. Ya rasu dokokin wariya suna nan daram, sai a shekarun 1960 aka soke su.

Darasi gare mu

'Yan uwa, mu ba wanda ya hana mu karatu. Muna da aji, muna da malamai, ko da kujeru ba su ishe mu ba. Douglass da burodinsa ya sayi darasi, a jikin katanga ya koyi rubutu, da ya iya kuma bai riƙe shi kaɗai ba, ya koya wa wasu fiye da 40. Don haka ina kira ga duk wanda ya iya karatu sosai a ajinsa, ya nemi ɗan'uwansa da har yanzu yake haɗa baƙi da ƙyar, ya zauna da shi ko da minti goma ne a lokacin tara, ba tare da yi masa dariya ba. Wanda kuma bai iya ba, kada kunya ta hana shi tambaya, domin mai tambaya ba ya ɓata.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.