Abdulƙadir Ɗan Tafa: Masanin Falsafa na Salame

A Agege, inda na koyi Hausa a bakin maƙwabta kafin in zo jami'a, da wuya ka sami wanda bai san sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ko Nana Asma'u ba. Amma in ka ambaci Ɗan Tafa sai a tambaye ka, wane ne kuma wannan? Alhali jikan Shehu ne, kuma a ganina shi ya fi kowa a zuriyar zurfafa bincike a kan hankali da iyakarsa.

Sunansa Abdulƙadir ɗan Mustafa. An haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu ce, malama ce ta sosai. Mahaifinsa Malam Mustafa, wanda ake kira Malam Tafa, almajirin Shehu ne kuma magatakardansa. Ya yi karatu a gaban iyayensa, sannan kawunsa Muhammadu Sambo ya sa shi a hanyar sufanci. Mazauninsu Salame ne, a ƙasar Sakkwato, kuma da mahaifinsa ya rasu a 1845 shi ya ci gaba da riƙe makarantar garin.

Masu nazarin tarihi sun fi saninsa da Raudatul Afkar, littafinsa na tarihin ƙasar Hausa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya sadu da shi a 1853, ya ɗauke shi a matsayin mafi ilmin mutanen Sakkwato na lokacin.

Ni dai littattafansa na falsafa ne suka ja hankalina. A cikin Futuhatur Rabbaniyya, wanda ya rubuta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya bi ra'ayin masu ganin babu komai sai abin da ido ke gani, ya auna hujjojinsu a kan ruhi da ƙarewar duniya. Yana da wani littafin a kan asalin halitta, inda ya yi magana a kan ruhi da ɗabi'a da sinadarin farko, da kuma wani a kan mafarki. Wannan na ƙarshe ya tuna mini da Dekart, Bafaranshen da a 1641 ya kafa hujja da mafarki don nuna cewa gani da ji suna iya yaudarar mutum. Dekart ya rushe duk abin da za a iya shakka a kansa, har ya tsaya a kan samuwar mai tunanin kansa, daga nan ya nemi tabbatar da samuwar Allah da hujjar hankali.

Ɗan Tafa bai bi wannan hanya ba. A cikin Uhud wa Mawathiƙ, wanda ya rubuta wajen 1855, ya jera alkawuran da ya ɗaukar wa kansa. Na farkonsu shi ne zai gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, ba a kan hujjojin malaman ilmin kalam ba. Dalilinsa kuwa, iyakar abin da hankali zai kai shi ne akwai Mahalicci, amma ba zai iya faɗa maka siffofinsa ba. Mai karatu ya lura, ba jahilin mandiƙi ne ke wannan magana ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin fannin, ya san inda igiyarsa ta tsaya.

Kuma maganar ba ta cikin littafi kaɗai ba ce. Tun zamanin kakansa akwai malaman da ke kafirta talakan da ba zai iya kawo hujjar tauhidi irin ta masu kalam ba, Shehu kuwa ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar wannan ra'ayi. Wato abin da ake jayayya a kai shi ne imanin manomi da mai tallar goro, ko ya inganta ko bai inganta ba. Da masanin falsafa kamar Ɗan Tafa ya sa kansa a sahun masu bin nassi, ya tsaya ke nan tare da waɗannan bayin Allah. Duk da haka bai yar da tunani ba, domin a cikin alkawuran akwai na yin nazarin halittu da yadda suke aiki.

Ya rasu a 1864, Allah ya jiƙansa. A ƙarshen ƙarni na 19 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Salame, littattafai da yawa suka salwanta. Waɗanda suka tsira akasari da Larabci suke.