Yarima Jemis, Wanda Waƙar Zambo Ta Raba Da Gadon Ubansa

A cikin 'ya'yan sarakunan Ingila da mu ke karanta labarinsu, da wuya mu sami wanda bakin mutane ya cuta kamar Yarima Jemis, ɗan Sarki Jemis na 2. An haife shi a fādar ubansa a Landan ran 10 ga watan Yuni, 1688, amma bai yi wata bakwai a ƙasar ba, bai kuwa sāke taka ta ba har ya mutu.

Ga mafarin abin. Sarki Jemis ɗan ɗarikar Katolika ne, yawancin talakawansa kuwa Furotestan ne. Suna haƙuri da shi domin sun ga ya manyanta, ba shi da ɗa namiji, in ya mutu 'yarsa Meri za ta gaje shi, ita kuwa Furotestan ce, tana auren Wiliyam na ƙasar Holan. Matarsa ta biyu, wata gimbiya daga Italiya, ta yi ta haihuwa, 'ya'yan ba su tsayawa. Sai bayan kusan shekara goma sha biyar da aure Allah ya ba ta ɗa namiji wanda ya tsaya. Sarki ya yi murna, manyan ƙasa kuwa hankalinsu ya tashi, don sun ga sarauta za ta dawwama a hannun Katolika.

Nan da nan sai magana ta ɓulla, wai sarauniya ba ta yi ciki ba, ko kuwa ɗanta ya mutu, aka shigo da jaririn wasu a ɓoye cikin kaskon ɗumama shimfiɗa. Wannan wani kasko ne na tagulla, mai marfi da doguwar ƙota, wanda Turawa su kan zuba wa garwashi su goga a gado lokacin sanyi.

A zamanin nan akwai wata sana'a a Ingila wadda ta yi kama da roƙo. Mawaƙa su kan tsara waƙa a kan abin da ke aukuwa, a ɗora ta bisa wani kari wanda kowa ya sani, a buga a falle ɗaya da ɗan hoto a samansa, a sayar kwabo ko ɗari. Mai tallan ya kan tsaya a kasuwa yana rerawa, saboda haka wanda bai iya karatu ba ma ya kan tafi gida da ita a ka. Da fari an buga waƙoƙin murna da haihuwar, amma ba a jima ba na zambo suka rinjaye su. Aka yi ta buga 'yan ƙananan littattafai marasa sunan mawallafi, da hotuna inda aka zana jaririn riƙe da ɗan injin niƙa na wasa, watau habaici ne wai ɗan mai niƙan gari ne.

Da abin ya dami Sarki, sai ya tara majalisa ran 22 ga watan Oktoba, shaidu kamar arba'in, maza da mata, suka ba da shaida a kan haihuwar, aka buga maganarsu. Amma ina! Magana zarar bunu ce. Ko 'yar'uwarsa An, wadda ba ta gari ran da aka haife shi, ta nuna shakka. Ran 5 ga Nuwamba Wiliyam ya sauka Ingila da rundunarsa, cikin dalilan da ya bayar har da zancen haihuwar nan. A watan Disamba sarauniya ta gudu Faransa da jaririnta da dare, Sarki ya bi bayansu.

Can ya girma ƙarƙashin inuwar Sarki Luwi na 14. Ko can ba a ƙyale shi ba. A 1696 wani mai suna Wiliyam Fula ya buga littafi yana cewa ya san uwar yaron ta gaskiya. Daga baya ƙaryace-ƙaryacen mutumin nan suka tonu, aka sa shi a turu a bainar jama'a a 1702, amma tonuwar ba ta mayar wa Yarima kome ba. Da ubansa ya mutu a 1701 Faransa ta kira shi Sarki Jemis na 3, Ingila kuwa, wadda ta riga ta kafa doka ta hana Katolika sarauta, ta sa masa suna Mai Da'awa.

A 1708 jiragen Faransa suka kawo shi gaɓar Sikotilan, jiragen Ingila suka kore su bai sauka ba. Da Sarauniya An ta kusa mutuwa, masoyansa suka ba shi shawara ya sāke ɗarika ko a ba shi gadon, ya ƙi, bai yarda ya sayi sarauta da abin da zuciyarsa ba ta gaskata ba. Saboda haka a 1714 aka ɗauko Joji daga Jamus aka naɗa. A 1715 mutanen Sikotilan suka yi tawaye dominsa, amma bai iso ba sai ƙarshen Disamba, bayan ƙarfinsu ya karye, ya koma a Fabrairu 1716.

Shi ma yana da nasa mawaƙan. Magoya bayansa su kan rera waƙoƙin begensa, su maƙala farar fure ranar haihuwarsa. Hukuma kuwa, wadda ta ci amfanin waƙa da takarda a 1688, ta san dafinsu sarai. A 1719 aka rataye wani saurayi mai buga littattafai a Landan, Jon Matiyus, don ya buga takardar da ta ce Jemis ne mai gado.

A shekarar nan ce ya zauna a birnin Rum, ya auri jikar wani Sarkin Folan. Ɗansa Carlis ya sāke gwada sa'a a 1745, aka ci shi da yaƙi a 1746. Jemis ya mutu ran 1 ga Janairu, 1766, yana da shekara 77, aka binne shi a Rum.

Yau masana tarihi sun haɗu a kan cewa shi ɗan ubansa ne na cikinsa. Mun saba cewa ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya, amma kafin furen nan ya kaɗe mutum ya ƙare ransa a ƙasar wasu. Ba don mutanen Ingila wawaye ne suka karɓi zancen kasko ba, sai don ya dace da abin da ransu ke so, aka kuma ba su shi cikin waƙa mai daɗin rerawa. Mu da za mu fita mu koya wa yara karatu, ya kamata mu koya musu har da tambaya: wa ya rubuta wannan, mene ne shaidarsa, me kuma zai samu in mun yarda? Wanda ya iya karatu bai iya wannan tambaya ba, duk mai injin bugawa ya sami bawa.