Ibnul Haisam: Malamin Da Ya Kasa Datse Kogin Nilu, Ya Gano Hanyar Haske

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya iso Kura zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ƙasa ta bushe ko'ina, amma ga shinkafa da alkama da tumatir kore shar, tun daga Kura da Kadawa har Bunkure. Ruwan da ke raya su daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta a 1974. Gangare kurum ruwan yake bi. Babbar magudana ta ɗauko shi, ta rabu biyu, gabas da yamma, kowane reshe kuma ya rarrabu ƙanana ƙanana. A kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe wadda ma'aikaci ke buɗewa ko rufewa. Gwanintar aikin duka tana ga ƙofofin nan, gama in an buɗe su ba bisa ƙa'ida ba, na kusa zai sha har ya yi ɓarna, na ƙarshe kuwa shukarsa ta ƙone.

Kimanin shekara 1,000 da suka wuce an yi wani malami da ya so yin irin wannan aiki a kan Kogin Nilu. Ya kasa, har kasawar ta kusa cin ransa. Amma daga baya ya shahara a kan wani abu mai gudu wanda ya fi ruwa wuyar kamawa, watau haske. Ƙa'idodin da ya tabbatar suna cikin tushen ilmin da ake amfani da shi yau wajen kora haske cikin zaren gilashi, a rarraba shi gari gari kamar yadda ake rabon ruwa a Kura.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

Sunansa Abu Ali Hasan ɗan Hasan, amma an fi saninsa da Ibnul Haisam. Turawa kuwa Alhazen suke ce da shi. An haife shi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965 Miladiyya, watau 354 ta Hijira. A zamanin nan an riga an juya littattafan Yunanawa masu yawa zuwa Larabci, saboda haka ya tashi ya tarad da lissafin Iklidis, da ilmin taurari na Batlamus, da ilmin likita na Jalinus. Ya karance su ƙwarai, har sunansa ya fita a fannin lissafi da awon ƙasa, ya kai kunnen sarakuna.

A Masar kuwa rayuwa duka ga Nilu ta rataya. Kowace shekara kogin yakan cika ya malale gonaki. In cikar ta gaza, sai yunwa. In ta wuce kima, sai ta cinye ƙauyuka. A tsibirin Rauda da ke kusa da Alƙahira akwai ma'aunin ruwa da aka gina tun 861, kowa ido a kansa, don in ruwa ya kai kamu 16 an san shekara ta yi kyau, hukuma kuma ta san harajin da za ta sa.

TAFIYA MASAR

Wani marubucin tarihin masana mai suna Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, shi ya ruwaito abin da ya faru. Ibnul Haisam yana Basra ya faɗi cewa da yana Masar da ya yi wa Nilu dabarar da za a amfana da shi, ko ya cika ko ya gaza. Maganar ta kai ga Halifa Al-Hakim na daular Faɗimiyya, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021. Halifa ya aika masa da dukiya, ya kira shi, har ya fita bayan gari da kansa ya tarye shi. Aka haɗa masa magina da ma'aikata, ya kama hanya ya yi kudu, yana bin gaɓar kogi.

To, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi, sa'ad da ya ga manyan gine-ginen mutanen dā da irin ƙwarewar da aka zuba cikinsu. Ya lura cewa waɗanda suka iya wannan, da datse kogin mai yiwuwa ne da ba su bar shi ba. Da ya isa duwatsun da ke kudu da Aswan, ya duba faɗin ruwan da ƙarfinsa, sai ya tabbata abin da ya zana a Basra ba zai yiwu da kayan aikin zamaninsa ba. Yana da iko ya fara aikin, ya yi ta cin kuɗin baitulmali shekara da shekaru kafin asiri ya tonu. Bai yi haka ba. Ya komo Alƙahira, ya tsaya gaban Halifa ya ce ya kasa.

Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, don Al-Hakim mutum ne da ba a san gabansa ba, ya kuwa kashe manyan ma'aikatansa da dama. Ya ba Ibnul Haisam wani muƙami a ofishin hukuma, shi kuma ya karɓa don tsoro. Da ya ga ransa na cikin hatsari, sai ya ƙirƙiri hauka. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida, aka sa masa masu gadi. Haka ya zauna har 1021, shekarar da Halifa ya fita da dare wajen dutsen Muƙaɗɗam bai komo ba. Sa'an nan ne malamin ya bayyana lafiyarsa, ya koma zama kusa da masallacin Azhar. Da alƙalaminsa yake ci: kowace shekara yakan kwafi littafin Iklidis da na Batlamus da waɗansu na lissafi, ya sayar dinari 150, ya ci shekara da shi.

Tarihi ya gaskata hukuncinsa. Ba a sami datse Nilu a Aswan ba sai 1902, babbar madatsar kuwa sai 1970, da siminti da ƙarfe da injuna.

LITTAFIN GANI

A zamansa na Masar ya rubuta babban littafinsa, Kitabul Manazir, mai juzu'i 7. Kafinsa, Iklidis da Batlamus sun koyar cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya ƙi wannan. Ya kafa hujja da abin da kowa ya sani: wanda ya dubi rana idonsa yakan yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai haske, in ya kau da kai siffar takan saura a idonsa. Ashe ke nan wani abu ne ke shigowa daga waje. Ya nuna cewa haske yana tashi daga kowane ɗigo na jikin abu, ya bazu ta kowace fuska bisa miƙaƙƙen layi, wanda ya shiga ido shi ke kawo gani.

Abin da ya bambanta shi da magabata shi ne bai tsaya ga hujjar baki ba. Kowace magana sai ya ƙera kayan gwaji, ya bayyana yadda wani zai maimaita. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa shi ne na ɗaki mai duhu. A jera fitilu da yawa a waje, gaban wata ƙaramar kafa. A bangon ciki za a ga ɗigon haske daidai yawan fitilun. In an rufe fitila guda, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan. Watau haskoki da yawa sun bi ta kafa ɗaya, ba wanda ya gauraya da ɗan'uwansa.

Ya kuma ƙera madubai iri 7, shimfiɗaɗɗe da masu doro da masu rami, ya auna yadda haske ke komowa daga kowannensu. Ya tabbatar cewa karkatar da haske ya faɗa wa madubi da ita, da ita yake tashi. A juzu'i na ƙarshe ya bincika yadda haske ke lanƙwasa in ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, ya ce dalili shi ne gudunsa yana raguwa cikin abu mai kauri. Har Batlamus da ake ganin ba ya kuskure bai tsira ba, don ya rubuta littafi guda a kan shakkun da yake da su game da koyarwarsa.

Shi ma bai kuɓuta daga kuskure ba. Ya ɗauka ƙwayar gilashin ido ita ce ke karɓar siffa, sai a 1604 Bajamushe Kepler ya nuna cewa a bangon bayan ido siffar ke sauka. Amma Kepler a kan aikinsa ya ɗora, gama an juya littafin zuwa Latin wajen 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572, ya zama abin karatun masanan Turai ɗaruruwan shekaru.

DAGA MADUBINSA ZUWA ZAREN GILASHI

A 1841 wani malami a Janiba mai suna Colladon ya nuna cewa in an haska fitila cikin ruwan da ke tsiyaya daga tulu, hasken yakan bi lanƙwasar ruwan, don duk sa'ad da ya zo fita sai fatar ruwan ta mai da shi ciki kamar madubi. A 1966 Charles Kao da George Hockham a Ingila suka nuna cewa zaren gilashi mai tsabta ƙwarai zai iya ɗaukar saƙo mai nisa ta wannan hanya. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin zaren, kaurinsa kamar silin gashi. A 1988 aka shimfiɗa na farko da ya haye tekun Atilantika. Yau irinsa ne ke sauka Legas ta ƙarƙashin teku, a binne shi gefen manyan hanyoyi zuwa Arewa. Maganar tarho da kuɗin da ake aikawa ta banki, galibin tafiyarsu haske ne.

Zare guda yakan ɗauki launin haske 80 ko fiye, waɗanda ido ba ya gani, kowane launi da saƙonsa, ba mai shiga na wani. Mai karatu zai tuna da fitilun ɗaki mai duhu. Matsalar ita ce ta mararraba: yaya za a ware launin da za shi Kano daga wanda za shi Sakkwato? Da fari sai an mai da hasken lantarki, a karanta, a sāke mai da shi haske, abin da ke cin kuɗi da wuta. A 1999 kamfanin Lucent ya bayyana wata na'ura mai ɗauke da madubai 256, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Kwamfuta ke karkata kowane madubi, hasken da ya fito daga wannan zare ya faɗa masa, ya tashi ya shiga zaren da ake so. Ƙa'idar da ke bayan wannan ita ce wadda Ibnul Haisam ya auna da madubansa.

Kula da waɗannan hanyoyi kuwa aiki ne irin na masu ƙofofin Kura. Akwai ɗakunan da ma'aikata ke zaune dare da rana suna duban inda haske ya raunana da inda hanya ta cika. In zare ya tsinke, ana tura ɗan haske cikinsa, a auna lokacin da ya ɗauka kafin ya komo, da haka a san nisan wurin ɓarnar. In an tanadi hanya ta biyu, na'ura takan juya saƙo zuwa gare ta cikin kashi 1 bisa 20 na sakan. In ba a tanada ba, kowa zai ji a jikinsa. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin teku 4 suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet da ayyukan bankuna suka tabarbare a Nijeriya da maƙwabtanta, har sai da aka karkatar da saƙonni ta waɗansu wayoyi.

RASUWARSA

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen 1040, yana da shekara kimanin 75. Littattafan da aka lissafa nasa sun haura 90, fiye da rabinsu sun tsira har yau. A ƙasashen Musulmi littafin nasa ya daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba, sai bayan shekara fiye da 250 Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi, ya kuma bayyana yadda bakan gizo ke samuwa. An sa wa wani rami a duniyar wata sunansa, a 2015 kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi Shekarar Haske, aka tuna da littafinsa a cikinta.

Hali guda ne ya bi rayuwarsa daga farko har ƙarshe. Abin da ya sa ya je Aswan ya duba da idonsa, ya komo ya gaya wa Halifa gaskiya mai ɗaci, shi ne ya sa ya ƙi karɓar maganar Batlamus sai ya gwada. Ma'aikacin da aka miƙa wa takardar wani babban aiki ya sa hannu, da ɗalibin da aka miƙa wa littafi ya haddace, dukansu suna da abin koyi ga wannan malami na Basra. Allah ya ji ƙansa.